Abin da Shekarun Shugabancin Ƙungiyar 'Yan Wasa Suka Koya Mini

Na shafe shekara goma sha ɗaya ina taka leda a matsayin mai tsaron baya, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa riƙe kwafin kwantiragina ba. Sakataren kulob zai buɗe shafi na ƙarshe, ya nuna mini wurin sa hannu, ya rufe fayil ya jefa a durowa, ni kuwa in fito ina murna. Ranar da gwiwata ta dama ta goce a wani wasan waje, kulob ɗin da nake yi wa wasa yana riƙe da albashina na wata biyar da rabin kuɗin sa hannu. Da na je nema, ina dogara sanda, aka ce in kawo takardar da ke nuna ana bin su. Mahaifiyata ce ta sayar da tumakinta aka biya asibiti, bayan mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa abin ya gagara.

Wannan tabon ne na ɗauko na shigo da shi ofis sa'ad da tsofaffin abokan wasa da masu tasowa suka zaɓe ni in jagoranci ƙungiyarmu ta 'yan wasa a nan Kaduna. Garin ba baƙon ƙwallo ba ne. A nan Rashidi Yekini ya fara, a kulob ɗin masaƙar UNTL, kafin ya zama gwarzon Afirka a 1993, ya kuma ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi a 1988, Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010, Tijjani Babangida kuma daga nan ya tashi har ya kai Ajax, ya ciyo zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996. Sai dai a bayan kowane suna irin waɗannan akwai ɗaruruwan da suka yi gumi a filin wasa na Ahmadu Bello, yau suna tuƙa Keke Napep a Kawo ko suna gadi a Kakuri, kuma su ne ke ƙwanƙwasa ƙofata.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka aikin faɗa ne. Yara goma sha huɗu daga wani kulob suka same ni da daddare suka ce wata huɗu ba a ba su ko sisi ba, har wasunsu garin rogo suke sha kafin atisaye. Washegari na shiga gidan rediyo na fasa ƙwai, na ambaci kulob ɗin, na faɗi adadin watannin. Bayan kwana biyu shugabannin kulob suka tara yaran a gaban 'yan jarida, kyaftin ya miƙe ya ce ba wanda ke bin kowa bashi. Na yi fushi ƙwarai, har na daina ɗaukar wayarsu. Daga baya kyaftin ɗin ya zo gidana bayan sallar isha, ya durƙusa a zaure ya ce, “Yaya, ka yafe mana. An ce duk wanda ya buɗe baki ba zai sake sa riga ba har kaka ta ƙare. Ni mata gare ni da 'ya'ya biyu, kuma shekaruna talatin da ɗaya.” Ban sami abin ce masa ba, domin da ni ne a matsayinsa, abin da zan yi ke nan. Ma'aikacin masaƙa yana da shekara talatin a gabansa. Ɗan ƙwallo in ya yi sa'a goma ce, kuma kaka ɗaya a benci tana iya zama ƙarshensa. Ni da nake ganin ina kare su, sai na tura su gaba na tsaya a baya, alhali ni ba abin da za a iya ƙwace mini.

Tun daga ranar na canza salo, na koma neman sanin yadda wasu suka yi. Ƙungiyar 'yan wasan Ingila an kafa ta tun 1907, amma sai a 1961, ƙarƙashin Jimmy Hill, ta iya karya dokar da ta hana biyan ɗan wasa fiye da fam 20 a mako, kuma ta yi hakan ne bayan 'yan wasa sun amince gaba ɗaya za su shiga yajin aiki. Shi kuwa Bosman, wani ɗan ƙwallon ƙasar Beljiyam, shi kaɗai ya tsaya a kotu har ya yi nasara a 1995, ya buɗe wa dubbai ƙofar barin kulob kyauta in kwantiraginsu ya ƙare, amma sana'arsa ta mutu a cikin shekarun shari'ar. Na ƙudurta cewa ba zan sake barin yaro ɗaya ya zama Bosman a hannuna ba. Ƙorafi ya fito da sunan ƙungiya, a kan takarda mai hatiminta, kuma kada sunan ɗan wasa ya bayyana sai ya zama dole.

Sai muka koma kan abin da ya fi kowane gundura, wato takarda. Muka sayi injin kwafi na hannu, muka roƙi wani lauya ɗan unguwarmu ya riƙa zama da mu ranar Asabar. Kafin a buɗe kaka muna zagaya sansanonin kulob-kulob muna karanta wa yara kwantiragi da Hausa layi-layi, domin da yawansu Turancin lauyoyi ba ya shigar musu, kunya kuma ba ta barinsu su faɗa. Muna nanata abu uku: a rubuta adadin albashi da ranar biya, a rubuta wanda zai ɗauki nauyin jinya, kuma kada ka bar ɗakin sai da kwafinka. A 2018 FIFA ta ƙara sashen da ya ba ɗan wasa damar soke kwantiragi idan an riƙe masa albashin wata biyu, muddin ya ba kulob gargaɗi a rubuce na kwana 15. Ɗan ƙasa da ke wasa a ƙasarsa ƙararsa tana zuwa ne kwamitin sasanci na cikin gida, kuma ko a can tambayar farko ita ce ina takarda.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ta wani ɗan wasan gefe ce daga Tudun Wada, wanda ya karye a ƙauri, aka sallame shi ta saƙon waya yana kwance a gadon asibiti. Mahaifinsa ne ya zo, dattijo mai sayar da goro, ya zaro wata leda daga aljihun babbar rigarsa, a ciki akwai kwafin kwantiragi da aka naɗe sau huɗu. “Shugaba,” in ji shi, “yaron ya ce kai ka ce a ajiye wannan.” Na ɗauki takardar na nemi ganin shugaban kulob ɗin, ban gaya wa ɗan jarida ko ɗaya ba. Sau uku ina zuwa ana ce mini ya fita. A na huɗu na gaishe shi yadda ya kamata, na ajiye takardar a gabansa na ce, “Ranka ya daɗe, ba rigima na zo yi ba. Ga sa hannunka, ga sashen jinya. Na fi son mu gama a ɗakin nan, kada ta kai mu gaban kwamiti.” Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya kira ma'aji. Ba su biya duka ba, kuma sai da aka yi wata uku ana bibiya, amma an biya kuɗin aikin ƙafar da albashin wata huɗu.

Ba zan ɓoye ba, waɗanda muka kasa taimaka wa sun fi yawa. Kuɗin ƙungiya ba ya shigowa, tunda wanda ba a biya shi albashi ba ba zai biya kuɗin wata ba, kuma ko hukunci ya fito, sa kulob ya aiwatar da shi wani yaƙin ne daban. Tsofaffin da suka yi wasa kafin a fara gasar ƙwararru a 1990 kuwa ba su da komai a rubuce, sai hotuna, don haka abin da muke iya yi musu bai wuce karo-karo da zuwa dubiya ba.

Yaron Tudun Wada bai koma fili ba, ƙafar ba ta yarda ba. Yanzu shi ke riƙe da injin kwafinmu, kuma a makon jiya shi ya karanta wa sababbin yara ashirin da biyu kwantiraginsu, ni ina zaune a gefe.