Na je na ga kabarin Sarki Sairus a Pasargad

Daga birnin Shiraz na ƙasar Iran muka ɗauki tasi da sassafe, tafiyar kusan kilomita 130 ce, hanya duk tsaunuka busassu sai gonaki jefi-jefi, har muka shiga wani fili fetal, can sai ga kabarin shi kaɗai a tsaye. Wallahi na zata zan ga wani makeken gini ne, ashe matakala shida ce ta farin dutse da ɗan ɗaki a sama mai ƙaramar ƙofa, tsayinsa gaba ɗaya wajen mita 11. Da na matsa kusa na ga ramukan da ƙarafen da suka riƙe duwatsun suke a da, an ɓalle su tuntuni amma ginin yana nan daram.

Sairus fa shi ne sarkin Farisa da ya hau mulki wajen 559 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kayar da Astiyajis sarkin Midiya a 550, ya murƙushe Kirosas na Lidiya mai tarin zinare, sannan a 539 ya shiga Babila. Abin da ya sa nake ganin girmansa kenan, da ya ci Babila bai rushe wuraren ibadar mutane ba, kuma Yahudawan da aka kwaso bayi ya ce su koma Kudus su sake gina ɗakin ibadarsu, a zamanin da in sarki ya ci gari sai wuta da takobi. Shi ya sa malamai irin su Abul Kalam Azad na Indiya suka ce wataƙila shi ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi, wasu kuma ba su yarda ba, Allah ne masani.

Gaba kaɗan akwai kangon fadarsa da magudanan ruwa na dutse da ke shayar da lambunsa, na daɗe tsugune a wurin ina kallon yadda aka sassaƙa su.

Sairus ya rasu a 530, Hirodotas masanin tarihin Girka ya ce a yaƙi da sarauniya Tomiris ne. Mutanen yankin kuma sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiran wurin kabarin mahaifiyar Annabi Sulaimanu, suna girmama shi a haka. In za ku je ku riƙe ruwa da hula don babu inuwa ko kaɗan, daga nan mu dai Fasafolis, wani tsohon birnin sarakunan Farisa, muka nufa.