Takardar inshorar gida ta iso

Jiya bayan magariba na buɗe takardar sabunta inshorar gidanmu a nan Kalifoniya, sai da na nemi kujera na zauna. Uwar yara tana kicin ta ji na yi shiru, ta leƙo ta ce, "Alhaji, lafiya?" Miƙa mata takardar kawai na yi. Shekara tara ban taɓa neman diyyar ko kwabo ba, na sare busasshiyar ciyawar bayan gida, na canza rufi, duk da haka an lafta mana ƙarin kuɗin inshora. Kuma ba damar fita, bankin da ya ba mu bashin gida ba ya yarda a zauna babu inshora.

Na san gobarar Los Anjeles ta Janairun 2025 ta cinye dubban gidaje. Amma tun 1988 dokar Proposition 103 ta ce kamfani ba zai ƙara farashi ba sai jiha ta amince. To su masu sa hannun, sun taɓa zama da 'yan fansho irin maƙwabciyata? Ita kamfanin inshorarta ya sallame ta gaba ɗaya, ta koma FAIR Plan, wato inshorar waɗanda kamfanoni suka ƙi karɓa, mai tsada, wanda ko sata ba ya biya. Wallahi jiya ban iya cin tuwon dare ba.