Ciko Daban, Canji Daban: Shawara ga Mai Tsohuwar Mota

Yawancinmu a nan Katsina, motar farko da muke iya saye ta riga ta sha duniya kafin ta iso hannunmu. Ko dai 'yar Kwatano ce, Golf 3 ko Corolla ko Accord, ko kuma Peugeot 406 da wani babba a gida ya gaji da ita ya sallama maka. Na daɗe ina zaton kula da irin wannan mota shi ne in buɗe bonet da safe, duk abin da na ga ya ragu in cika shi. Ƙannena, wannan fahimtar ce ta fi ci mini kuɗi, kuma saura kaɗan ta ci abin da ya fi kuɗi.

Man birki ba fetur ba ne, mota ba ta shan sa. A rufe yake cikin bututu daga masta, wato famfon birki, zuwa tayoyi huɗu. In ka ga ya ragu a robarsa, ɗayan biyu ne: ko fad, wato abin da ke matse diskin taya ya tsayar da mota, ya cinye, fistan ya ƙara fitowa, mai ya bi shi ya cike gurbin, ko kuma akwai inda yake yoyo. Duka biyun magana ce motar ke yi maka, ciko kuwa toshe mata baki ne. Ni gorar mai nake ajiyewa a but, jar fitilar birki na kamawa in ɗan ƙara, ta mutu, in ce alhamdu lillahi. Ashe silindar tayar baya ce ke tsiyaya cikin daram. Ranar da aka kwance tayar, shu ɗin, wato fad na cikin daram, ya jiƙe sharkaf, ƙura ta cakuɗe da mai ta zama baƙar laka. Bakaniken ya dangwalo da yatsa ya nuna mini, ya ce, "Yallaɓai, wannan tayar ai rakiya kawai take yi." A haka nake ɗaukar iyali zuwa Daura.

Gwajin ba shi da wuya. Tayar da mota, ka taka birki ka riƙe kamar rabin minti. In fedar tana nutsewa sannu a hankali, kada ka hau titi. Sannan ka durƙusa ka leƙa tayoyin ta ciki, ka ga ko akwai wadda ta jiƙe.

Ko babu yoyo, man birki yana tsufa. Wanda muke sawa, mai lambar DOT 3 ko DOT 4 a jikin gorar, yana zuƙar danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma in sun sha danshi ma'aunin yana iya sauka zuwa 140 da 155. Wani zai ce ai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu gangaren da zai gasa birki. To, ka loda mota maƙil da rana tsaka a watan Afrilu, ka bi hanyar Mai'adua ranar kasuwa, kana taka birki saboda shanu da masu babur da tudun rage gudu. Zafin fad yana kaiwa ga man, in ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ka ji feda ta tafi ƙasa babu komai. Shi ya sa ake zubar da shi gaba ɗaya duk shekara biyu, a sa sabo, a cire iska taya bayan taya har sai mai garai-garai ya fito. Ka tsaya a gareji ka gani da idonka, don wasu robar sama kawai suke zuƙewa su cika.

Ka sayi gora mai hatimi, wadda a gabanka za a fasa ta. Kada a sa maka DOT 5, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. Baƙin mai ko man giya kuwa, ko cokali ɗaya ya shiga robar birki zai kumbura duk robobin da ke tare mai a cikin birkin. Dabarar ruwan sabulu da wasu direbobi ke alfahari da ita, tsatsa ce kawai suke shukawa a bututu. In man ya ɗiga a jikin mota ka wanke nan take, yana cin fenti.

Fad kuma, in kaurinsa ya sauka zuwa milimita 3 ya gama aiki. Wasu suna da ɗan ƙarfen da ke yin ƙara don ya sanar da kai. Wanda ya jira sai ya ji ƙarfe na gurzar ƙarfe, zai sayi fad ya haɗa da diski.

A lagireto ma na yi irin wannan wautar. Ruwan rijiyar burtsatse nake ɗurawa, ina ganin ruwa ai ruwa ne. Gishirin da ke cikinsa yana daskarewa ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto, ga tsatsa tana cin famfon ruwa. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a galan, babban amfaninsa a wajenmu shi ne hana tsatsa da ɗaga ma'aunin tafasa. Da motar ta fara zafi, sai aka ba ni shawarar da ake ba kowa: a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. Na yarda. Zafin bai tafi ba, don toshewar tana nan, sai dai shan fetur da ya ƙaru, musamman da sanyin hunturu. A ƙarshe gasket ɗin sama ya ƙone. Alamarsa, ka zaro sandar awon mai ka ga ta fito kamar shayi da madara. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto da zafinsa. Tsohon ruwan kuma kada a zubar da shi inda yara ko awaki za su kai baki, yana da zaƙi-zaƙi amma guba ne.

Baƙin mai shi ne kowa ya sani, ba sai na ja ba. A auna shi a wuri madaidaici bayan inji ya huta, a canza shi tare da filta, a bar sayen na awo a bakin titi wanda ba ka san daga wace durom ya fito ba. Tsohon inji yakan ɗan sha mai, ciko a nan ba laifi, amma sabon da ka ƙara ba ya wanke dattin tsohon. Man giyar otomatik ja ne. In ya koma ruwan ƙasa yana ƙauri, a duba shi. Masu Honda su kula, nata man giyar da na sitiyari daban ne, ba kowane jan mai take karɓa ba.

Ga tsohuwar mota mai amfani da baƙin mai na gama-gari irin 20W-50, kilomita 5,000 ko wata shida ya isa a canza, duk wanda ya riga zuwa. Na san mitar yawancin motocinmu ta daɗe da mutuwa. In taka haka take, ka bi yanayi: sau ɗaya in damina ta kama, sau ɗaya in hunturu ya shigo, sai dai in kai mai yawan tafiyar Kano ne, ka rage tazarar. Filtar iska kuwa ka jira ƙurar hunturu ta lafa sannan ka sa sabuwa, kafin nan ka riƙa ciro ta kana kakkaɓewa duk mako.