Tarihin Rayuwar George Muller, Kashi na Biyar: Abin da Ya Gyara da Asuba

A makon jiya mun tsaya a Bristol ta Ingila, inda George Muller, mutumin Jamus, ya buɗe gidan marayunsa na farko a titin Wilson a 1836, domin 'yan mata talatin. Kafin 1841 gidajen sun zama uku. Ga wa'azi tare da abokinsa Henry Craik, ga wasiƙu, ga cikin yara da za a cika kullum, shi kuwa ya ƙudurta ba zai roƙi kowa ko sisi ba sai Allah.

Mutum irin wannan za ka ɗauka addu'a ba ta ba shi wahala. Ai kuwa tana ba shi. Kusan shekara goma, da ya tashi ya sa tufafi sai ya durƙusa. Minti goma na farko, wani lokaci sha biyar, har rabin awa, gwiwa tana ƙasa amma hankali yana yawo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: zuciyar da ta farka ba ta da abin riƙewa, sai ta cafki abin da ya fi kusa, wato damuwar ranar.

A 1841 ya juya tsarin. Da farko 'yar gajeruwar addu'a, kalmomi kaɗan, yana neman albarkar Ubangiji a kan Maganarsa. Daga nan ya buɗe Sabon Alkawari inda ya tsaya jiya, ya ɗauki aya ɗaya ya yi ta bimbini a kanta, kamar mai tsotsar rake. Ba don wa'azin Lahadi ba. Wannan ne wurin da masu hidima da yawa ke faɗuwa, domin da zarar ka fara tsara yadda za ka koyar da ayar, ka koma wurin aiki ke nan, ranka bai ci komai ba. Shi don cikinsa yake karantawa. Ba a jima sai ayar ta zama addu'a da kanta: wata ta kai shi ga furta zunubi, wata ga godiya, wata ga roƙo domin wasu. In ta ƙare masa, ya matsa ta gaba.

Ya kuma daina kulle kansa a ɗaki. Yakan fita fili da Sabon Alkawari mai manyan baƙaƙe, yana tafiya a hankali, awa ɗaya zuwa biyu kafin karin kumallo. In ya gaji ya zauna kaɗan. Tafiyar tana korar gyangyaɗi, iska kuma tana taimakon lafiyarsa da ba ta da ƙarfi.

Mai shago ko ma'aikaciyar jinya ba ta da awa biyu, na sani. Amma jerin yana aiki ko a minti ashirin: biyu na roƙo, sauran a kan aya uku ko huɗu, waya tana wani ɗaki. Abin da ke rusa shi yawanci daren jiya ne. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya, barci zai yi a kan Markus 1:35, ayar da ta ce Yesu ya tashi da asuba ya je yin addu'a.

Mako mai zuwa za mu bi Muller zuwa Ashley Down, a gefen Bristol, inda ya buɗe gidan yara ɗari uku a 1849.