Baba da Kwana 28

Mahaifina ɗan kwangilar gine-gine ne, Allah ya jiƙansa. Da aikin lebura ya fara, ya koma birkila, daga baya mutane suka riƙa damƙa masa gini sukutum, tun daga haƙar tushe har miƙa makulli. Bai bar mana dukiyar a zo a gani ba. Ya bar gidan da muka tashi a ciki, da akwatin kayan aiki, da littattafan rubutu 11 masu baƙin bango waɗanda ƙurar siminti ta shige tsakanin shafukansu. Ranar da ya rasu, in ka cire mu iyalinsa, babu wanda ya kai tsofaffin leburorinsa kuka. A lokacin na ɗauka sabo ne kawai.

Da ku nake, ƙannena masu shiga sana'ar gini da kwangila, musamman ku da kuka yi karatu kuka dawo kuna yi wa na gaba da ku kallon waɗanda zamani ya wuce. Ni ma na yi wannan wautar, kuma ta ci ni da tsada.

Na dawo daga makaranta da takardar shaida da girman kai, na tarar da Baba yana aiki yadda ya saba, a hankali, kamar ba a jiransa. In an zuba kankaren dakin, wato rufin siminti da ake ɗora hawa na sama a kansa, ba mai taɓa sandunan da suka tokare shi sai ya kwana 21. Safe da yamma ana ba shi ruwa, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, kuma sau da yawa shi da kansa yake riƙe tiyo, da furfurarsa da komai. Wata rana na ce masa, "Baba, ai ya bushe ƙarau, ɓata ruwa kawai muke yi." Ya dube ni ya ce, "Wa ya gaya maka bushewa muke nema?"

Abin kunyar shi ne na san amsar, don na rubuta ta a jarrabawa har na ci maki. Kankare ba da bushewa yake ƙarfi ba. Siminti ne yake haɗuwa da ruwa, su riƙa sarƙewa a hankali suna ɗaure yashi da tsakuwa, kuma da zarar ruwan ya ƙafe da wuri, wannan aikin ya tsaya ke nan. A kwana 7 kankare yakan samu kusan kashi 2 cikin 3 na ƙarfinsa, kuma ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi a zane na kwana 28 ne. Shi ya sa ake zuba samfuri a 'yan akwatunan ƙarfe masu faɗin milimita 150, a matse su da inji a kwana 7 da kuma kwana 28 a ga nauyin da za su ɗauka. Na san har sunan mutumin da ya yi rajistar simintin Portland a Ingila a 1824, Joseph Aspdin, wanda shi ma birkila ne. Baba bai taɓa jin sunansa ba. Amma ni ilimin a kaina ya tsaya, shi kuwa a hannunsa yake.

Da ya fara sakar mini aiki, sai na karɓi gini biyu a lokaci guda, alhali katakon dakin da muke da shi na gini ɗaya ne. Dabarata ita ce in zuba na farko, in kwashe katakon da wuri, in kai na biyu. Ranar zubi ma na yi wani laifin. An auna daidai, siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, amma da na ga leburori sun gaji kwaɓin kuma ya yi kauri, sai na ce a ƙara ruwa don ya riƙa malala da kansa tsakanin rodi. Buhun siminti mai kilo 50 bai buƙatar abin da ya wuce kamar lita 25 na ruwa a irin wannan aikin. Duk abin da ka ƙara a kai zai ƙafe daga baya ya bar 'yan ramuka da ido ba ya gani, kuma ƙarfin kankaren zai ragu. Ranar ban auna ruwan ba sam.

A kwana na 6 na sa a cire tokare. Tsohon kafintan Baba, wanda ya san ni tun ina rarrafe, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan maigida, falon nan yana da faɗi, a bari ya ƙara ko da mako guda." Na ce masa ni na karanta abin nan. Bai sake cewa uffan ba. Ko kwana biyu ba a yi ba na sa aka jibge bulo a saman dakin don a fara hawa na sama, kuma a tsakiya aka jibge shi, inda ya fi rauni.

Sauri ya haifi nawa. Cikin mako biyu tsakiyar dakin ya sunkuyo, tsaga ta fito a ƙasansa kamar an ja layi da wuƙa.

Abin da ya fara zuwa raina shi ne abin da har yau nake jin nauyin faɗinsa: a yi filasta mai kauri a rufe, mai gini ba zai taɓa sani ba. Har na faɗa wa Baba haka. Bai amsa mini ba. Ya ɗauko igiya, ya sa aka ja ta daga bango zuwa bango a ƙarƙashin dakin, ya tsaya yana kallon yadda tsakiyar ta sauko. Sai ya ce a fitar da kowa, a mayar da tokare, gobe a fara fasawa. Da yamma ya sa ni a gaba muka je wurin mai ginin, ya gaya masa komai, ya ce laifinsa ne da ya sakar wa yaro aikin da bai kai ba. Da aljihunsa aka sake zuba dakin. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Shekaru bayan haka, a watan Afrilun 2013, na ga labarin ginin Rana Plaza a Bangaladash, bene mai hawa 8 da ya rufta ya kashe mutum 1,134. An ga tsaga a jikinsa tun ana gobe zai faɗi, amma washegari aka sa masu ɗinki suka koma ciki. Da na karanta, filastar nan tawa ce ta faɗo mini a rai. Wanda ya ce su koma bai fi ni mugunta ba a ranar da na ce a rufe. Bambancinmu kawai, ni akwai Baba a kaina. Don haka in kun ga tsaga a ginshiƙi ko a dakin, ku fitar da mutane tukuna, ku kira injiniya, sannan a zauna maganar wa zai biya.

Kuskurena na biyu na kuɗi ne, kuma bayan rasuwarsa na yi shi. Baba ba ya taɓa ɗaukar kafin alƙalamin wani ya toshe ramin ginin wani. Kowane gini da shafinsa a littafi. In mai gini ya zo ya ce a faɗaɗa taga ko a ƙara ɗaki, nan take zai rubuta, ya sa adadin, ya ce a sa hannu, ko da amininsa ne. Ni ina ganin wannan rashin kara ne. Sai da wani da nake girmamawa ya sa na canza masa rabin zane da fatar baki, ranar biya ya ce shi bai san zancen ba. Ga kashi 5 cikin 100 da aka riƙe mini na wata 6 kamar yadda ake yi a irin wannan yarjejeniya, ga kuɗin wani ginin da na riga na zuba a nasa. Gini biyu suka tsaya cak, na shekara biyu ina biyan bashi. Ku rubuta, ku sa hannu, kunyar minti ɗaya ce.

A cikin wannan ƙuncin ne na fara jinkirta wa leburori haƙƙinsu, ina ce musu sai an biya ni. Nan na gane kukan da suka yi. A duk littattafan Baba, layin farko na kowane mako nasu ne, kafin siminti, kafin rodi, kafin ribarsa. Akwai makonnin da na ga ya biya su ya koma gida da abin da bai taka kara ya karya ba, mu kuwa a gida ba mu taɓa sani ba.

To, gidan. Wannan ne na fi jimawa ban gane ba. Baba ba ya kai dare a wurin aiki sai ranar zubin kankare, don shi ba a tsayar da shi rabi. Kafin duhu yana gida, ya wanke ƙurar jikinsa, ya zauna a tsakiyarmu yana duba littattafan makarantarmu duk da cewa rabin abin da ke ciki bai san shi ba. Shekarar da mahaifiyarmu ta kwanta jinya aka ba shi aikin da ya fi kowane girma a rayuwarsa, a wani gari mai nisa, ya ƙi karɓa. Na daɗe ina ba abokaina wannan labarin a matsayin shaidar cewa Baba ba shi da buri. Ni kuwa da burina na kwashe shekaru ina fita yara suna barci, in dawo suna barci, har wata rana 'yata ta fari ta zo da matsalar da ta dame ta wata da watanni, ta wuce ni a zaune ta je ta gaya wa kawunta. Ba ta yi don raini ba. Ba ta saba magana da ni ba ne kawai. Yanzu ina ƙoƙarin gyarawa, amma abin yana tafiya a hankali, kuma babu yadda zan yi in sa shi sauri.

In kuna da tsoho a sana'a, uba ne ko maigida, ku zauna kusa da shi ku yi ta tambaya tun yana iya amsawa. Ni ban tambayi Baba yadda yake gane yashi mai laka da murzawa ɗaya a tafin hannu ba, sai dai in zuba a kwalba da ruwa in girgiza in jira ya kwanta. Ban tambaye shi wa ya koya masa fitar da kusurwa da awon 3, 4, 5 ba, shi da bai taɓa zama a ajin lissafi ba. A cikin littattafansa akwai wata alama, ɗan da'ira da ɗigo a tsakiya, da yake sawa a gefen sunayen wasu masu gini, wasu kuma ba ya sa musu. Na tambayi mahaifiyarmu, ta ce ba ta sani ba. Na je wurin tsohon kafintan nan da littafin a hannuna, na tarar idonsa ya riga ya tafi. Ya shafa shafin da yatsa, ya yi murmushi, ya ce shi ma ya sha ganin maigida yana yin ta, amma bai taɓa tambaya ba.