Gyaran ƙwayar halittar lakas ta CotA don tsarin BioBrick

Masu rini a Maradi suna zubar da ruwan baba da na sauran launuka kullum, kuma lakas ɗin CotA, wato wani furotin mai sarrafa sinadarai (enzayim) da bakteriyar Bacillus subtilis ke ajiyewa a ɓawon ƙwayar irinta (spore), tana iya kashe irin waɗannan launuka. Amino asid 513 gare ta, kuma tana jure zafi sosai, abin da ya sa ta dace da ƙasarmu.

Kafin ƙwayar halittarta ta shiga fulasmid pSB1C3 (zoben DNA da ake saka wa bakteriyar E. coli don ta samar da furotin) bisa RFC10, ƙa'idar BioBrick ta haɗa guntayen DNA, sai an duba jerin DNA ɗinta an tabbatar babu GAATTC, TCTAGA, ACTAGT ko CTGCAG a ciki, wato wuraren da enzayim masu yanka DNA, EcoRI, XbaI, SpeI da PstI, ke yanka. Idan an samu, harafi ɗaya ake sauyawa ba tare da taɓa amino asid ba. CTG CAG ya koma CTG CAA, GAA TTC ya koma GAA TTT. Bayan PCR, wato kwafe DNA da ake sauyin da shi, a zuba enzayim DpnI na awa ɗaya ta cinye tsohon fulasmid, in ba haka ba shi zai cika farantin da ake shuka E. coli. A gaba a sa GAATTCGCGGCCGCTTCTAG daf da ATG, kodon (harafi uku na DNA) na farawa, a rufe da TAATAA, kodon biyu na tsayawa. Mai son haɗa ta da wani furotin ya koma ƙa'idar RFC25, domin tabon da RFC10 ke bari a mahaɗar guntaye biyu yana ɗauke da kodon na tsayawa.

Wannan duk aikin mako guda ne. Inda mutane ke faɗuwa shi ne jan ƙarfe.

Kowace CotA tana buƙatar ƙwayar jan ƙarfe huɗu kafin ta yi aiki. E. coli kuwa, muddin tana samun iska sosai, fitar da jan ƙarfe take yi daga cikinta. Sai ka ga furotin ya fito a jel ɗin auna girman furotin kusan kilodalton 65, amma fanko ne, babu jan ƙarfe a ciki. Maganinsa: idan OD600 (ma'aunin yawan E. coli a ruwa) ya kai 0.6, a sa IPTG (sinadarin da ke tayar da samar da furotin) 0.1 mM da CuCl2 (gishirin jan ƙarfe) 0.25 mM, a sauko da zafi zuwa digiri 25, a girgiza awa huɗu, sannan a kashe injin girgiza a bar kwalbar ta kwana. Ƙarancin iskar nan ne ke sa jan ƙarfe ya taru a ciki. Furotin da ya cika, in an tace shi, shuɗi yake fitowa.

Digiri 25 ɗin nan ba wasa ba ne a Maradi. A watan Afrilu zafin rana yana wuce 40, kuma a digiri 37 yawancin furotin dunƙulewa yake yi ya lalace. Wanda ba shi da injin sanyaya, ya tsara wannan mataki a lokacin hunturu.

A ganina bai kamata a ce an gyara ɓangaren BioBrick ɗin nan ba sai an gwada furotin ɗinsa da ABTS, sinadarin da lakas ke canza wa launi, a pH 4, an auna a 420 nm, ruwan ya koma kore. A gefe a ajiye samfurin E. coli mai fulasmid marar CotA, domin ita ma tana da tata lakas ɗin, CueO, wadda jan ƙarfe ke tayarwa.