Kwat ɗin fam 18 da fatarin Umma

Ranar da sanyin Edinbara, babban birnin Scotland, ya fara koya mini hankali, a tashar bas nake tsaye a kan gadar North Bridge, farkon watan Disamba, ƙarfe huɗu na yamma amma gari ya riga ya yi duhu kamar bayan magariba. Na sa wata doguwar riga mai kalmasa irin ɗinkin shekarun 1950 da na saya ta intanet, na ɗora jaket ɗin da na zo da shi daga gida, ina ji da kaina. Iska ta taso daga wajen teku ta shiga ta ƙasan rigar nan kamar an aiko ta. Kafin bas ya iso, gwiwoyina sun daina jin maganata, haƙora kuwa sai kaf-kaf suke yi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta dube ni sama da ƙasa, ta ce rigar ta yi kyau, amma me na sa a ciki? Na ce babu komai sai shimi. Ta girgiza kai kawai.

Ni dai tun ina Zariya Allah ya jarabce ni da son kayan da. Hotunan Umma na ƙuruciya, da buje da ɗaurin ɗankwali mai tsini, sun fi burge ni a kan duk wani sabon yayi. Da na zo nan karatu sai na tarar akwai mata da yawa masu irin ciwona, su kuma nasu kayan kakanninsu ne na shekarun 1940 da 1950: siket mai faɗi da ya wuce ƙwauri, riga mai dogon hannu da maɓallai har wuya, ɗan ƙaramin gyale a ɗaure ƙarƙashin haɓa irin wanda marigayiya Sarauniya Elizabeth take yawan ɗaurawa. Abin da ya ƙara ja na shi ne suturar tana rufe jiki. Ba sai na yi ta dabarar ƙara hannu ko tsawo ba, kuma tana hawa da mayafina ba rigima.

Kuskurena shi ne na ɗauka ɗinkin ne kayan da. Ashe yadin ne. Rigar da na saya ta intanet sabuwa ce fil, an kwaikwayi fasalin ne kawai, yadin kuwa roba ce zalla. Irin wannan robar ba ta riƙe ɗumi, in kin shiga ɗaki mai hita kuma ta sa ki zufa, ki fito zufar ta huce a jikinki. Matan da suka sa irin wannan ɗinki na asali a gidajen da babu hita suka rayu, sai murhun kwal a ɗaki guda, kuma ulu suke sawa tun daga ciki har waje. Gashin tumaki yana da lanƙwasa da ke tare iska a tsakaninsa, iskar nan da ta maƙale ita ce ɗumin. Yana kuma iya shan danshi kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba ki ji shi a jiƙe ba. A garin da yayyafi ba ya sallama kafin ya sauko, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai na shiga bin shagunan gwanjo. A nan ƙungiyoyin agaji ne ke da yawancinsu, mutane su kai kayan da suka gaji da su kyauta a sayar. Unguwar Stockbridge cike take da su, akwai kuma tsohon shagon Armstrong a Grassmarket, wanda in kin shiga sai kin tuna da kanki kafin ki fito. Dariya ta kan kama ni, don abin da bai samu mai saye a irin shagunan nan ba, wani daga ciki shi ake ɗaurewa dila-dila a tura Afirka, mu je mu tsugunna muna zaɓe a Ƙofar Wambai. Wato na taso daga ƙarshen hanya na zo mafarinta. Kuma ilimin zaɓen gwanjo da na koya a gida bai tashi a banza ba: a juya riga a duba shafinta, a ɗaga ta saitin haske a nemi huji, a shinshina hammata, a ja ɗinkin kafaɗa kaɗan a gani.

A haka na tsinci kwat ɗina. Ruwan ƙasa ne mai ɗigon kore, ya sauko har ƙasan gwiwa, nauyinsa kamar na goya yaro. Da na buɗe ciki na ga tambarin Harris Tweed. Lokacin ban san darajarsa ba, mai shagon ce ta yi mini bayani, daga baya na karanta da kaina. Yadi ne da ake saƙawa a tsibiran Outer Hebrides da ke yammacin Scotland, kuma akwai dokar majalisa ta 1993 da ta ce ba a kiran yadi da wannan suna sai in mutanen tsibiran ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu. Na tuna masaƙanmu na saƙi da yadda kasuwarsu ta mutu ba wanda ya tsaya musu, amma wannan zance ne na wata rana. Fam 18 na biya. Maɓalli ɗaya ya ɓace, shafin aljihun hagu ya yage, duk na gyara a dare ɗaya.

To amma kwat kaɗai bai raba ni da sanyi ba. A ciki maganin yake, inda ba mai gani. Da na kai wa Umma ƙorafi a waya, sai ta yi dariya ta ce, “Ke da kika raina fatari, yau ga ranarsa.” Gaskiyarta. Lokacin muku-mukun sanyi a Zariya, in za ta fita alwalar asuba, fatari take sawa ta ɗaura zani biyu a kai, ni kuwa ina yi mata kallon tsohon yayi. Yanzu fatari biyu gare ni, ɗaya na tattausar auduga mai gashi-gashi, ɗaya mai santsi da nake ɗorawa a kai don kada siket ya riƙa manne wa safa. A ƙarƙashinsu doguwar safar ulu mai kama jiki har ƙugu, ranar da abin ya yi tsanani in sa biyu. A sama kuma 'yar shara ta ulun merino (wani irin tumaki mai laushin gashi) mai dogon hannu, sirirya ce, ba ta ƙaiƙayi, ba ta kuma ɓata zaman riga. Sannan riga, sannan ƙaramar suwaita mai maɓallai da ta tsaya daidai ƙugu. Babban siket ma ashe alheri ne, don duk abin da kika jibga a ƙarƙashinsa yana rufa miki asiri. Ƙawayena masu wandon jins sun fi ni jin sanyi, sun ƙi yarda ne kawai.

Akwai masu cewa in ba kayan asali ba ne tun daga ɗankwali har takalmi, to ba ki yi ba. Ni ban da wannan tsaurin. Takalmana sababbi ne, but masu igiya da ƙasan roba mai kama ƙasa, don duwatsun da aka shimfiɗa a titunan tsohon gari in sun jiƙe santsinsu ya fi na kuɓewa. Sau ɗaya na gwada tsohon takalmi mai ƙasan fata, na zauna daɓas a gaban jama'a, ban sake ba. Su kansu matan da ake kwaikwayo ba don burgewa suka yi ta saƙa da faci ba. Daga 1941 zuwa 1949 da kati ake sayen tufafi a Birtaniya, da farko kati 66 ne rabon mutum na shekara guda. Shi ya sa siket ɗin lokacin yaƙi bai da faɗi sosai, an taƙaita kalmasa da aljihu da maɓallai don tsimin yadi. Faɗin nan da nake so sai a 1947 ya dawo, da shahararren maɗinkin Faransa Christian Dior ya fito da sabon ɗinkinsa a Paris, har wasu suka yi ta tsegumin ɓarnar yadi.

Kai da wuya ba su taɓa ba ni wahala ba, mayafi ya gama wannan aikin. Na dai canza na shifon zuwa na ulu mai laushi, in iska ta yi yawa in ɗora hular Faransawan nan mai faɗi a kai, a karkace. Hannu kuwa safar fata mai shafin ulu, da man kaɗen da na taho da shi cikin gwangwani, don ulu da iskan hita suna busar da fata kamar hunturun gida, faso ma sai da ya nemi ya biyo ni har nan.

Abokin gabata yanzu asu ne. Ulu ne abincinsa, tsofaffin kaya kuma kan zo da ƙwansa ba ki sani ba. Ya taɓa cinye mini gwiwar hannun wata suwaita mai zanen Fair Isle, saƙar launuka ta wani tsibirin Scotland, da nake ji da ita, na yi kamar in yi kuka. Umma ta ce in zuba kafur kamar yadda take yi wa adakarta, amma warin ba ya barin ulu, sai ki shiga aji kowa na waiwaye. Abin da nake yi shi ne duk abin da na sayo, in ɗaure shi a leda in jefa firiza kwana uku zuwa mako guda kafin ya ga ɗakina. Shekaranjiya yarinyar da muke haya tare, 'yar Sifen, ta buɗe firiza neman kifinta, ta tarar da siket ɗin ulu kwance tsakanin daddawata da ƙullin kuka. Ta ɗago shi ta tambaye ni ko wannan ma miya ake yi da shi.